TAIMAKON FARKO A GIDA: ABIN DA YA KAMATA KA SANI GAME DA ƘWAYOYIN HOMIYOFATI

Zuwa ga maigida da uwargida.

Haɗari ba ya sallama kafin ya shigo gida. Yaro yana wasa a gindin murhu, sai tukunyar kunu ta kife masa. Mutum yana yankan ciyawa, sai lauje ya zame ya sare shi. Wani ya fita da dare ba fitila, sai ya taka maciji. A irin wannan lokaci likita ba ya kusa. Kai ne a kusa, ko kuwa ke. Abin da ka yi wa mutum tun daga sa'ad da abin ya faru har a kai shi asibiti, shi a ke kira taimakon farko.

To, wataƙila ka taɓa ganin waɗansu 'yan kwalabe cike da fararen ƙwayoyi ƙanana kamar tsabar gero, masu zaƙi a baki. Ko ka gan su wajen mai talla ran kasuwa, ko a hannun ɗan'uwa da ya komo daga birni, ko cikin tallan wayar hannu. A kan ce wannan na ƙuna ne, wannan na zubar jini, wannan na saran maciji, a sa biyu ƙarƙashin harshe shi ke nan. Sunan wannan irin magani homiyofati.

An rubuta wannan ɗan littafi domin ka san mene ne cikin kwalaben nan, kuma ka san abin da za ka yi da hannunka ran da haɗari ya auku. Ka karanta a hankali. Ka karanta wa iyalinka, da maƙwabcin da bai iya karatu ba.

DARASI NA 1: DAGA INA HOMIYOFATI YA FITO?

Wani likita Bajamushe ne ya ƙago shi, sunansa Samuel Hahnemann. An haife shi a 1755, ya mutu a birnin Faris a 1843. A zamaninsa likitocin Turai ba su san ƙwayoyin cuta ba tukuna. Idan mutum ya kwanta ciwo, sai su tsaga masa jijiya su zubar da jini mai yawa, su ɗura masa magungunan amai da na zawo masu guba. Mutane da yawa maganin ne ya ƙarasa su. Hahnemann ya ga wannan ɓarna, ransa ya ɓaci, ya shiga neman wata hanya. A nan kam ba wanda zai ga laifinsa.

A 1790 ya sha ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu wanda a ke ba masu zazzaɓin cizon sauro, alhali kuwa lafiyarsa lau. Ya ce ya ji jikinsa ya yi kamar na mai zazzaɓi. Daga nan ya yanke cewa abin da ke jawo wa mai lafiya alamun wata cuta, shi ne zai warkar da mai wannan cuta. Ya bayyana wannan ra'ayi a 1796, a 1810 kuma ya fitar da babban littafinsa mai suna Organon.

Bisa wannan ra'ayi a ke haɗa abin da ke cikin kwalaben. Ga sunayen da za ka fi gani a jikinsu. Apis, daga ƙudan zuma a ke yinsa, a ce na harbi ne. Cantharis, daga wani ƙwaro ɗan'uwan hangara mai sa fata ta yi bororo, a ce na ƙuna ne. Arsenicum, daga wata guba mai sa amai da gudawa, a ce na gudawa ne. Lachesis, daga dafin wani macijin Amurka ta Kudu. Akwai kuma Arnica na buguwa da kumburi, da Ledum na sukar ƙusa ko ƙaya, da Belladonna na zazzaɓi.

DARASI NA 2: YADDA A KE HAƊA SHI

Da ya ke yawancin abubuwan nan guba ne, sai Hahnemann ya riƙa sirka su da ruwa ko barasa. Ga yadda a ke yi har yau. A ɗauki ɗigo 1 na abin, a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa, a girgiza da ƙarfi. Wannan kwalba ta fari ke nan, a rubuta mata 1C. A ɗauki ɗigo 1 daga cikinta, a zuba cikin wani sabon ɗigo 99, a girgiza. Wannan 2C. Haka za a yi ta yi. In ka ga an rubuta 30C a jikin kwalba, an yi haka sau 30 ke nan. In ka ga 200C, sau 200.

Gani ya kori ji. Ka gwada da kanka. Ka jera kofuna, ka zuba ruwa cokali 99 cikin kowanne. Ka sa zuma cokali ɗaya a kofin fari, ka dama. Ka ɗebi cokali ɗaya daga ciki ka zuba a na biyu, daga na biyu zuwa na uku. Ka ɗanɗana na ukun. Ba za ka ji zaƙi ba, domin zuman da ke ciki kashi ɗaya ne cikin miliyan. A kofi na shida kuwa, kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan.

Kowane abu yana da iyakar ƙanƙanta, inda ba ya ƙara rabuwa. Masana kimiyya sun lissafta, sun tarar in an wuce kwalba ta 12, da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta abin da aka fara da shi. Ruwan kwalba ta 30 ruwa ne zalla. Shi a ke ɗiga wa 'yan ƙwayoyin sukari, a bar su su bushe, a zuba a kwalba a sayar. Watau abin da ke hannunka sukari ne.

Masu wannan sana'a suna cewa girgizawar da a ke yi tana barin ƙarfin maganin cikin ruwan, har ma wai yawan sirki ya kan ƙara masa ƙarfi. Ka tambayi kanka: in uwargida ta ƙara wa miya ruwa sau goma, gishirin ƙaruwa zai yi ko raguwa?

Kada ka haɗa wannan da maganin sassaƙe da saiwa. Tsiro yana da abin da ke aiki a cikinsa, wani mai amfani, wani mai cutarwa. Wancan ɓawon itace da Hahnemann ya sha, daga cikinsa ne waɗansu Faransawa biyu suka fitar da kwini a 1820. Kwini ya ceci rayuka masu yawa daga zazzaɓi, domin maganin yana nan cikin ƙwayar, an auna shi, an san yawansa.

DARASI NA 3: AN GWADA SHI?

An gwada, ba sau ɗaya ba. Ga yadda a ke gwada magani. A raba masu ciwo iri ɗaya kashi biyu. A ba kashi ɗaya maganin, a ba ɗaya kashin ƙwayar sukari mai kama da shi. Mai ciwo bai san wadda aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. A ƙarshe a ƙirga waɗanda suka warke a kowane kashi. In maganin na aiki, masu shansa za su fi warkewa. Ga abin da hukumomi suka samu.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dogara da homiyofati wajen tarin fuka, da zazzaɓin cizon sauro, da cutar ƙanjamau, da gudawar jarirai.

A 2010 wani kwamiti na Majalisar Dokokin Birtaniya ya ce bai fi ƙwayar sukari aiki ba.

A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba gwaje-gwaje 176, ta ce ba ta sami ko cuta ɗaya da akwai tabbatacciyar shaida yana warkarwa ba.

A 2017 hukumar asibitocin gwamnati ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi.

Daga watan Janairu na 2021 gwamnatin Faransa ta daina biya wa marasa lafiya kuɗinsa.

Har yanzu yana da jama'a da yawa, musamman a Indiya da Jamus, kuma cikin masu sayar da shi akwai waɗanda suka gaskata da shi har zuciya. Amma yawan masu shan abu ba ya zama shaida.

Za ka ce, "To, ai wane ya sha ya warke." Gaskiya ne ya warke. Amma ka tuna Allah ya yi jikin mutum da ikon gyara kansa. Ƙaramin kumburi ya kan saɓe cikin 'yan kwanaki, ko an sha abu ko ba a sha ba. Harbin zuma ɗaya ya kan lafa da kansa. Macizai da yawa ba su da dafi, mai dafin ma wani lokaci ya kan sari mutum bai zuba ba. Duk abin da aka ba mutum a irin wannan hali, shi za a yaba. Zakara ya kan yi cara gari ya waye, amma ba carar ce ta kawo asuba ba.

Ina illar, tun da sukari ne? Illa uku ce. Ta fari, ɓata lokaci, ita ce babba: ana zaune ana jiran ƙwaya ta yi aiki, jini na zuba, dafi na tafiya. Ta biyu, kuɗin da za a biya mai mota ya tafi wajen kwalba. Ta uku, ba kowace kwalba ce aka sirka yadda aka rubuta ba. A 2016 da 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan waɗansu ƙwayoyin homiyofati na haƙoran jarirai, domin ta sami gubar belladonna a ciki, yawanta bai daidaita ba, wani lokaci ya wuce abin da aka rubuta nesa.

Yanzu ga abin da ke aiki.

DARASI NA 4: ZUBAR JINI

Jinin da ke jikin babban mutum wajen lita 5 ne kawai. In babbar jijiya ta yanke, mutum na iya mutuwa cikin 'yan mintoci. Abin da ke tsai da jini shi ne dannawa.

1. Ka zaunar da shi ko ka kwantar da shi.
2. Ka ninka ƙyalle mai tsabta, ka ɗora bisa raunin, ka danne da tafin hannunka da ƙarfi.
3. Ka riƙe minti 10 cur. Kada ka ɗaga don ka leƙa.
4. In ƙyallen ya jiƙe, kada ka cire. Ka ƙara wani bisansa, ka ci gaba da dannawa.
5. In wuƙa ko tsinken itace ya kafe a ciki, kada ka zare. Ka danna gefe da gefe.
6. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, dannawa ta kasa tsai da shi, ka ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, ka sa ɗan sanda ka murɗa har jinin ya tsaya. Ka riƙe lokacin da ka ɗaure, ka gaya wa likita. Kada kowa ya kwance sai shi.

Kada ka sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko yanar gizo a rauni. Ta nan ciwon sarƙe-haƙora ke shiga, wanda likitoci ke kira tetanus. Ƙaramin rauni a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe. Wanda ƙusa ko ƙaya ta soke shi da zurfi ya je a duba ko yana bukatar allurar rigakafi.

DARASI NA 5: ƘUNA

Ƙuna ta fi yawa da hunturu, sa'ad da a ke jin ɗumi, a ke shigar da garwashi ɗaki. Ko an raba mutum da wutar, zafin yana nan cikin nama yana ci. Ruwa ne ke fitar da shi.

1. In riga ta kama wuta, kada ya gudu. A kayar da shi ƙasa, a lulluɓe shi da bargo ko buhu mai kauri, a mirgina shi.
2. A yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta bisa wurin har minti 20. Ruwan randa ya isa. Kada a sa ƙanƙara.
3. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne da fata a bar ta.
4. In yaro ne, a rufe sauran jikinsa don kada sanyi ya kama shi.
5. Kada a fasa bororo. A rufe wurin sako-sako da ƙyalle mai tsabta marar gashi.

Kada a shafa man ja, ko man shanu, ko baƙin mai, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko tawada. Suna tsare zafi a ciki, suna kawo ruɓa. Lalle a kai asibiti in ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta taɓa fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, ko kuwa in ƙaramin yaro ne.

DARASI NA 6: SARAN MACIJI DA CIZON KARE

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya saboda saran maciji. Yawancinsu manoma ne da makiyaya. A ƙasashenmu kububuwa ce ta fi kisa, ga ta kuwa 'yar ƙarama. Dafinta yana hana jini daskarewa.

A ce kububuwa ta sari wani manomi da hantsi. Aka ba shi ƙwaya biyu ƙarƙashin harshe. Da yamma ya ce ya ji sauƙi, ya ci tuwo, kowa ya yi hamdala. Kashegari ko jibi sai jini ya fara fita daga dasashinsa, ya fito a fitsari, tsohon miki ya ɓalle. A lokacin ne za a nemi mota, bayan dafin ya yi kwana biyu yana aiki. Haka kububuwa ke yaudarar mutane. Saboda haka duk wanda maciji ya sara a kai shi asibiti a ranar, ko da yana dariya.

1. A janye shi daga wurin. Kada a tsaya farautar macijin.
2. A kwantar masa da hankali. A cire zobe, da agogo, da takalmi.
3. A ɗaura wa hannun ko ƙafar sanda sako-sako, kamar yadda a ke wa karaya, don kada ta motsa.
4. A ɗauke shi. Kada ya yi gudu, kada ya yi doguwar tafiya a ƙasa in da hali.
5. In yana amai ko ya fara gyangyaɗi, a kwantar da shi bisa gefensa.
6. In maciji mai fasa kai ya tsarta masa dafi a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa.

Kada a tsaga wurin. Kada a tsotsa. Kada a ɗora baƙin dutse. Kada a ɗaure da igiya ko roba. Ka lura da wannan ƙwarai: ɗaurin da aka faɗa a Darasi na 4 na jini mai tsartuwa ne kaɗai. A saran maciji ya kan ruɓar da ƙafa har a yanke ta. Kada a ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini. Farasitamol ba laifi.

A asibiti za a ɗebi jininsa kaɗan a zuba a 'yar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai a yi masa allurar kashe dafi. Daga jinin dawaki ko tumaki a ke samo ta, waɗanda aka riƙa ba su dafi kaɗan-kaɗan har jikinsu ya yi makarinsa. Wannan makari yana nan cikin kwalbar, ana iya auna shi, kuma ita kaɗai ce maganin dafin maciji da aka tabbatar. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara a wannan aiki. Ka tambayi malamin asibitin garinku tun yau, ina ne mafi kusa da ku da a ke samun allurar.

Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai kwarara har minti 15, a kai shi a fara masa allurar rigakafin haukan kare a ranar. In aka bari alamun cutar suka bayyana, kusan ba mai tashi.

DARASI NA 7: GUDAWA DA AMAI GA YARO

Uwargida, wannan naki ne. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Ki mayar masa da abin da ya fita.

Mafi kyau shi ne garin gishiri da sukari na asibiti, wanda a ke kira ORS. Ki dama shi cikin ruwan sha mai tsabta daidai yawan da aka rubuta a jikin ledar. In babu, ki haɗa da kanki: ruwan da aka tafasa ya huce lita 1, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Lita 1 ita ce ruwan leda guda biyu, masu santilita 50. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye.

Ki riƙa ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, musamman bayan kowane zawo. In ya yi amai, ki dakata minti 10 ki ci gaba a hankali. Kada ki hana shi nono, kada ki hana shi abinci. Abin da ya kwana ya yini ki zubar, ki haɗa sabo. Ki karɓo ƙwayar zinki a asibiti, a ba shi kullum har kwana 10 zuwa 14.

Maza ki kai shi asibiti in idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, ko kin ga jini a kashinsa.

Ki duba bambancin. Nan ma akwai sukari, amma an auna shi, an haɗa shi da gishiri da ruwa mai yawa, kuma an san aikinsa: shi ke taimakon hanji ya tsotse gishirin da ruwan.

DARASI NA 8: SHAN GUBA, JIJJIGA DA SUMA

In yaro ya sha kananzir ko fetur, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa man ja ko madara. Amai ya kan kai kananzir cikin huhu, a nan ne ya ke kisa. In maganin ƙwari ne, irin fiya-fiya ko na feshin gona, a tuɓe masa tufa, a wanke jikinsa da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar don likita ya ga irinsa. Kada ka taɓa zuba irin waɗannan a kwalbar lemo.

In yaro mai zazzaɓi ya kama jijjiga, ka kwantar da shi bisa gefensa a ƙasa, nesa da wuta. Ka sassauta masa tufa. Kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali a baki, kada ka kara ƙafarsa a wuta, kada ka yi masa hayaƙi. Da ta lafa ka kai shi a gwada jininsa, domin sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ku kama hanya tana yi.

Ka riƙe wannan doka: wanda ya suma ko ya ke jijjiga, ba a sa masa kome a baki. Ba ruwa, ba rubutu, ba ƙwaya kome ƙanƙantarta. Ba ya iya haɗiya, sai abin ya bi hanyar numfashi ya shaƙe shi.

DARASI NA 9: SHIRI TUN KAFIN RANAR

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sami ɗan akwati ko kwano mai murfi, ka ajiye inda yara ba sa kai hannu, ka sa waɗannan a ciki: sabulu sabo, ƙyallaye wankakku da aka shanya a rana aka goge, bandeji, almakashi, ORS leda huɗu ko biyar, ƙwayar zinki, farasitamol, ƙaramin cokali, da tocila mai batir.

Sa'an nan ka rubuta lambar wayar mai mota ko mai babur na unguwarku, da ta malamin asibiti, ka manna a murfin. Ka ware ɗan kuɗin mota wanda ba a taɓawa. Ku yi shawara da mai unguwa a san wanda za a tasa in abu ya faru da tsakar dare. Ka sa takalmi mai rufi in za ka gona, ka riƙe fitila in za ka fita da dare, ku kwana cikin gidan sauro. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Mene ne ma'anar 30C a jikin kwalba?
2. Don me mutum kan warke daga ƙaramin ciwo ko da sukari kawai ya sha?
3. Minti nawa a ke danne rauni? Minti nawa a ke zuba wa ƙuna ruwa?
4. Faɗi abu huɗu da ba a yi wa wanda maciji ya sara.
5. Cokali nawa na sukari da na gishiri a ke sa wa lita 1 ta ruwa?
6. Me ya sa ba a sa wa wanda ya suma kome a baki?

In akwai irin kwalaben nan a gidanka, kada ka ji kunya. Ƙaunar iyalinka ce ta sa ka saya. Amma ran da jini ke zuba, ko wuta ta ƙona yaro, ko maciji ya sari wani, kada ka tsaya buɗe kwalba. Ka danna, ka zuba ruwa, ka ɗauki mutum, ka kama hanyar asibiti. Ka koya wa matarka, ka koya wa manyan 'ya'yanka, domin wata rana kai ne za ka kwanta, su ne za su tsaya a kanka.

Lafiya uwar jiki. Allah ya kiyashe mu, amin.